Ƙofar mota mara nauyi ko ta asali: wacce za ka ɗaura?

Mota ta sha duka a gefe, ko ƙofa ta ruɓe daga ƙasa, ko kuwa ta sauko har sai an tallafe ta da gwiwa kafin ta rufu. Mai mota ya fita neman wata, sai ya tarar da magana iri-iri. Mai sayar da kayan mota ya ce akwai sabuwa fil a kwali, ba nauyi, kuma kuɗinta da sauƙi. Mai walda ya ce a kawo masa kwano ya haɗa wata cikin kwana biyu. Wani yaro ya nuno hoton ƙofar faiba a waya, irin ta motocin tsere, ya ce mota za ta ƙara gudu ta rage shan mai. Duk suna rufuwa, kuma in aka feshe su da fenti ba mai bambance su daga nesa. Bambancin yana ciki, tsakanin kwanon waje da marfin ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance.

Nauyi shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin ƙofa. Abin tambaya shi ne, me aka cire har nauyin ya ragu?

Abin da ke cikin ƙofa

Kwanon waje na ƙofar ƙaramar mota bai kai milimita 1 ba, yawanci 0.7 zuwa 0.8. Da babban yatsa ma kana iya lotsa shi. Ba shi ke tsare mutum ba. Abin da ke tsarewa sanda ce ta ƙarfe mai tauri da aka gicciya a ciki, daga gefen hinji zuwa gefen makulli. A wasu motoci bututu ce mai kauri kamar ƙotar fartanya, a wasu kuma faffaɗan ƙarfe ne da aka matsa ya yi kwari-kwari. Nauyinta kilo 2 ne zuwa 3, amma ƙarfen da ake yin ta a motocin zamani yakan ninka kwanon waje ƙarfi sau huɗu ko biyar.

Sandar ba ta aiki ita kaɗai. In wata mota ta daki ƙofa, sanda tana lanƙwasa tana jan bakinta biyu, kamar igiyar shanya da aka rataya wa jiƙaƙƙen bargo. Baki ɗaya yana jan hinji, hinji yana jan ginshiƙin gaba. Ɗaya bakin yana jan makulli, makulli yana jan ƙugiyar da ke jikin ginshiƙin tsakiya. Ƙasan ƙofa kuma yana cije dokin ƙofa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya saki, sauran sun zama banza, domin ƙofar za ta faɗo ciki ɗungurungum.

Wasu kamfanoni sun fara saka wannan sanda da kansu, amma doka ce ta sa ta zama gama-gari. A Amurka tun 1973 ake gwada ƙofar ƙaramar mota da wani dunƙulen ƙarfe mai faɗin santimita 30, ana tura shi cikin ƙofar har santimita 45. A santimita 15 na farko dole ƙofar ta yi turjiyar da ta kai kusan tan 1, a ƙarshe kuma ta kai tan 3 da ɗoriya, ko ninkin nauyin motar in shi ya fi ƙanƙanta. Turai ta bi baya da gwajin karo: daga Oktoban 1998 duk sabon samfurin mota sai an dake shi a gefe da keken gwaji mai kilo 950 a gudun kilomita 50 a awa. Makulli ma yana da nasa sharaɗin: in ya shiga daram, dole ya jure jan da ya kai kilo 1,100 ba tare da ya saki ba.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. A gaba akwai inji da bonet da za su murƙushe kafin duka ya iso wurin direba. A gefe kuwa tsakanin haƙarƙarinka da bompar wanda ya dake ka bai wuce taƙi ɗaya ba. A motocin haya na hanyar Magarya ko Matamaye, inda ake zaunar da mutum biyu a kujerar gaba, wannan taƙin ma babu shi: kafaɗar fasinja manne take da marfin ƙofa. Sa'annan in Hilux ta daki Starlet ko Corolla, bomparta tana wucewa ta saman dokin ƙofa, inda ƙarfin ƙaramar motar yake, ta sauka kan ƙofar kanta.

Kar a ɗauka sanda tana yin abin da ba ta yi. Babbar mota mai kaya ta same ka a gefe da gudu, ba ƙofar da za ta tare ta. Amfanin sanda ya fi bayyana a karon cikin gari, da lokacin da mota ta ƙwace ta daki itace ko turken wuta da gefe. Makulli kuwa ranarsa ita ce ranar da mota ta wuntsila: muddin ƙofa ta zauna a rufe, mutum yana ciki, ta buɗe, mota ta cilla shi waje ko ta danne shi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kariya: akwai sanda, kuma irin ta asali ce? Wurin da hinji da makulli suke zama an ninka masa ƙarfe? Na biyu kuɗi, amma kuɗin har ƙofar ta hau mota, da fenti da kayan ciki da ladan aiki, ba wanda aka faɗa a shago ba. Na uku ƙarko a zafin ranar Damagaram da ƙurarta. Na huɗu sauƙin samu da sauƙin ɗaurawa. Na biyar, wanda shi ne ya jawo maganar duka, nauyin da aka rage da abin da ya jawo maka.

Bari a gama da na biyar tun yanzu, don lissafinsa gajere ne. Ƙofar gaba ta ƙaramar mota, da gilashinta da injin gilashi da marfi da waya, tana kai kilo 25 zuwa 35. Gangar jikinta tsirara wajen rabin haka. Abin da injiniyoyi suka saba ƙiyastawa shi ne, duk kilo 100 da aka rage wa mota yana rage mata kusan lita 0.3 zuwa 0.5 a kilomita 100. A ce ka rage kilo 10 a kowace ƙofa, kilo 40 ke nan a ƙofa huɗu. Ribarka wajen lita 0.16 a kilomita 100. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da lita 32. In aka ƙaddara lita dala ɗari, wato sefa 500, jika 16 ke nan a shekara guda. Buhun gero ɗaya da ka manta a but ya cinye wannan ribar har ya nemi ƙari. Tayar da iskarta ta ragu ma tana iya sha maka fiye da haka.

Maganar farashi kuma: kayan mota a nan suna bin canjin naira da sefa da halin da iyaka take ciki, abin da aka saya bara ba shi ne na bana ba. Saboda haka za a gwada su ne da juna, a ɗauki ƙofar asali ta hannu a matsayin ma'auni.

Sabuwar ƙofar kamfani

Ba ta da abin faɗa da yawa. Sanda, makulli, ninkin ƙarfe, duk yadda aka gwada motar suke. Matsalarta biyu: tsada, da jira. Takan zo tsirara, da fentin share fage kawai, sai ka kwashe gilashi da makulli da waya daga tsohuwar ka mayar, ka biya fenti. Ga motar da ta haura shekara ashirin, kuɗin ƙofa ɗaya yana iya zama babban kaso na kuɗin motar, in ma ana samunta. A yi odarta da lambar shasi mai harafi da lamba 17, domin Corolla ta Turai da ta Amurka suna iya zama shekara ɗaya amma ƙofarsu ba ta shiga wa juna.

Nan ne wurin ambaton alminiyom. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, kuma akwai motocin da kamfani ya fito da su da shi: Audi A8 tun 1994, Ford F-150 daga 2015, ƙofofin Jeep Wrangler daga 2018. Waɗannan ba su da nauyi kuma suna da kariya, domin an ƙara kauri inda ya kamata, an gwada su a karo. Wannan shi ya nuna cewa rashin nauyi ba laifi ba ne in injiniya ne ya rage shi. Sai dai in irin wannan ƙofa ta lotse, mai bugun kwano da ya saba da ƙarfe yana iya tsaga ta, kuma waldar kabaid ba ta yi mata.

Ƙofar asali ta hannu

Ita ce wadda aka ciro daga motar da aka farfasa, ko ta zo ta Kwatano ko Lome, ko an ɗauko ta daga Ƙofar Ruwa a Kano. A ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin masu mota a Zinder, in an iya dubawa. Sau da yawa takan zo cikakkiya, da gilashi da makulli da injin gilashi, wanda in da ɗai-ɗai za ka saye su da sun fi ƙarfin kuɗin ƙofar. Ƙarfenta na kamfani ne, waldarta ta kamfani ce.

Haɗarinta shi ne tarihin da ba ka sani ba. Abu uku suke ɓoye a cikinta. Na farko tsatsa. Mu nan ƙasa ce busasshiya, mota takan tsufa ba ta ruɓe ba, shi ya sa mutane ba su saba leƙa ƙasan ƙofa ba. Amma ƙofar da ta yi shekaru a Turai ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, wadda ta zauna a bakin teku kuma ta sha danshi. Tsatsar tana farawa daga ninkin ƙasa, inda kwanon waje ya rungumi na ciki, tana hawa zuwa inda aka liƙa bakin sanda. Na biyu tsohon duka: an taɓa buge ta, an miƙe, an cika da mastik, wato abin da ake shafawa a cike lotsa kafin fenti. Na uku, wanda ya fi muni, sandar da aka gasa da wuta don a miƙe ta. Taurin irin wannan ƙarfe daga yadda aka gasa shi aka sanyaya a masana'anta yake zuwa. In aka kunna masa wutar kabaid har ya yi ja, ya huce a hankali, ya koma ƙarfe mai laushi. A ido yana nan miƙe sambal, amma ƙarfinsa ya tafi kuma ba ya dawowa.

Akwai kuma ƙofar da ta fito daga ƙasashen da sitiyari yake dama, irin Japan da Ingila. Gangar jikin tana iya shiga, amma makunnan gilashi da wayoyi suna ɗaya gefen, sai an mayar da naka. Wasu tsofaffin motoci kuma, waɗanda aka ƙera kafin dokar Turai ko aka yi wa kasuwannin da ba su da dokar, tun daga kamfani ba su da sanda. In motarka tana da ita, kar ka karɓi wadda ba ta da ita don kawai ta shiga ramin.

Sabuwar ƙofar kwaikwayo

Waɗannan wasu kamfanoni ne suke buga su, ba masu motar ba, galibi daga Taiwan ko Sin. Ba a yi musu kuɗin goro. Akwai masu kyau da suka kusa ta asali, akwai waɗanda kwano ne kawai aka ba siffar ƙofa. Abin da ya sa suke da wuyar hukunci shi ne, ko da ka leƙa ka ga sanda, ido ba ya gane irin ƙarfen. Bututun ƙarfe mai laushi da na mai tauri kamarsu ɗaya in an shafa musu baƙin fenti.

Abin da za ka iya gani shi ne wannan. Ka ɗora ta a sikeli, ka ɗora tsohuwar tsirara. In sabuwar ta gaza da kilo 2 ko 3, wani abu ya ragu, kuma ba a kwanon waje kaɗai ba. Ka ƙirga ɗigon waldar da ke bakin sanda ka gwada da na tsohuwar. Ka taɓa wurin da hinji yake zama: a ta asali ƙarfen wurin ya fi kauri ko an ninka shi, a ta arha wani lokaci falle ɗaya ne, shi ya sa bayan wata shida a kan hanya mai gargada sai ka ga tsaga ta fito kewaye da noti. Daidaituwa ma aiki ce: ramukan makulli sukan kauce da milimita biyu ko uku, mai gyara ya ɗauko abin huji ya faɗaɗa su, makulli ya zauna a karkace. Fentin share fagenta kuma siriri ne, in ba a fesa maganin tsatsa a ciki ba damina biyu sun isa ta fara. Kuɗinta a shago yana iya yin ƙasa da na ta hannu, amma tsirara take zuwa; ka haɗa fenti da aikin mayar da kaya kafin ka ce ta fi sauƙi.

Gyaran tsohuwar, da haɗin mai walda

Nan akwai abu biyu da mutane suke haɗawa alhali ba ɗaya ba ne.

In dukan bai wuce kwanon waje ba, sanda tana nan miƙe ba lotsa, gefen makulli bai motsa ba, to gyara ya fi canji. Mai bugun kwano ya fito da lotsar da guduma da maƙera daga ciki, ko a ɓare kwanon waje a ɗora wani a ninke bakinsa. Sharaɗi ɗaya: wuta kar ta taɓa sanda. Mastik kuma shafe ne, milimita 2 zuwa 3. In ya yi kaurin yatsa, zafin Afrilu da Mayu zai tsattsaga shi ya ɓanɓaro.

Na biyun shi ne inda sanda ta lanƙwashe ta hana gilashi sauka, sai a sa injin yanka a datse ta a jefar, ƙofa ta yi sakayau, gilashi ya sauka lafiya, kowa ya ji daɗi. Ko kuwa a haɗa sabuwar ƙofa daga kwano da ƙarfen kwana irin na taga. Masu waldarmu suna da hannu, ƙofar gida da suka haɗa sai ta shekara talatin. Amma ƙofar mota aikinta daban. Ko an mayar da bututun ruwa ko rodin gini a madadin sanda, ƙarfe ne mai laushi, kuma in waldar bakinsa ta ɓalle a karo, ya zama mashi a kusa da cinyar direba. Sau da yawa irin wannan ƙofa ba ta ma fi ta asali sauƙin nauyi ba, don kwanon da ake samu a kasuwa ya fi na mota kauri. Makulli kuwa, in aka kai ga sakata ko igiyar roba, an fita daga maganar kariya gaba ɗaya.

Faiba da kabon

Ƙofar faiba tsirara tana iya zama kilo 5 zuwa 7, ta kabon, wato irin faibar da ake yi da zaren kabon, ƙasa da haka. Nan ne rage nauyi na gaske yake, kuma nan ne kariya ta fi faɗuwa. Ƙarfe yana lanƙwasa yana shan duka a hankali. Faiba tana turjewa kaɗan, sai ta fashe lokaci ɗaya, ta bar tsini. Mafi yawan waɗannan ƙofofi ba su da sanda, kuma masu yin su da kansu suna rubuta cewa na filin tsere ne.

Abin da hoton waya ba ya nunawa shi ne abin da ke bayan ƙofar a motar tsere. An gina keji na bututun ƙarfe a cikin motar, da sanduna a gicciye a bakin ƙofa. Dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙayyade faɗin bututun da kaurinsa, kuma ya zama ƙarfe marar ɗinki. Direba yana cikin kujera mai rungume haƙarƙari, da bel mai maɗauri da yawa, da hular kwano. A can ƙofa murfi ce kawai. Ka ɗauko murfin ka bar kejin, ka ɗauko rabin da ba ya tsare kowa. Ka ce za ka gina kejin a motar gida kuma, ka mayar da nauyin da ka rage, ka kuma kawo bututun ƙarfe kusa da kan da ba hula.

Ga rana. Faiba mai arha tana bajewa a zafin da ya haura digiri 40, bakin sama ya buɗe, ƙura ta riƙa shiga. Noti yana cin ramin hinji in ba a binne farantin ƙarfe a ciki ba. Yawanci kuma ba ta ɗaukar injin gilashi, sai a sa roba mai haske. In polikabonet ce, nauyinta rabin na gilashi, amma ƙurar hunturu tana kankare ta har ta yi hazo, kuma ba ta fashewa: ranar da ƙofa ta cije, masu ceto ba za su iya fasa ta su ciro mutum ba. Gilashin mota na gefe an gasa shi ne don ya ruguje ƙanana kamar tsakuwa. Gilashin taga na gida kuwa kar a ko gwada shi.

Ƙofar bututu da ta tamfol

Ana ganinsu a kan Land Cruiser da Jeep na yawon sahara. Amfaninsu iska da ganin inda taya take takawa a tafiyar hawainiya cikin duwatsu ko rairayi. Suna tare gwiwa kar ta leƙa waje, iyakarsu ke nan. Ba sa tare ƙaya, balle babur.

| Irin ƙofa | Kuɗi har ta hau | Ƙarko a nan | Sauƙin ɗaurawa | Kariya a karo |
|---|---|---|---|---|
| Sabuwa ta kamfani | Mafi tsada | Sosai | Tana shiga daidai, sai jira | Cikakkiya |
| Ta asali ta hannu | Matsakaici | Sosai in ba tsatsa | Mafi sauƙi | Cikakkiya in ba a gasa sanda ba |
| Ta kwaikwayo | Kusa da ta hannu | Ya danganta | Sai an daidaita | Ba tabbas |
| Gyaran kwanon waje | Ƙasa | Da kyau | Aikin kwana biyu ko uku | Yadda take a da |
| Haɗin walda ko yanke sanda | Mafi arha | Tana saukowa | Ko'ina ana yi | Kaɗan ƙwarai |
| Faiba ko kabon | Tsada, ga kuɗin kawowa | Rana tana cin ta | Wuya | Babu, sai da keji |
| Bututu ko tamfol | Ƙasa zuwa matsakaici | Da kyau | Sauƙi | Babu |

Kafin ka biya

Kowace ka zaɓa, kar a rufe marfin ciki sai ka gani da idonka. Ka haska fitilar waya ta ramukan kwanon ciki, ka bi sandar daga baki zuwa baki. Fenti da ya ƙone, ko ƙarfe da ya yi shuɗi-shuɗi, alamar wuta ce. Ka shafa mayen ƙarfe a kwanon waje: inda ya ƙi kamawa akwai mastik mai kauri. Ka juya ƙofar ka danna ninkin ƙasa da sukudireba, ka tabbata ramukan zubar ruwa a buɗe suke.

Bayan an ɗaura, tazarar da ke kewaye da ƙofa ta zama ɗaya, wajen milimita 4, sama da ƙasa. Ka tura ta a hankali ka saurara: makulli yana da mataki biyu, ƙas na farko da ƙas na biyu. Ƙofar da take tsayawa a na farko ba a rufe take ba, domin wannan matakin bai kai rabin ƙarfin na biyu ba. Notin hinji da na ƙugiya su zama nasu na asali, ba wanda aka tsinta a gwangwani ba. A ƙofar baya ka gwada makullin yara.

Motocin da suke da jakar iska ta gefe suna buƙatar ƙarin kula. Da yawansu na'urar da take jin karo tana cikin ƙofa, kuma matsin iska take aunawa: ƙofa ta lotse, iskar ciki ta matsu, jaka ta fashe. In aka yaga ledar da ke bayan marfi aka jefar, ko aka huda kwanon ciki don babbar sifika, iskar ta sami mafita, jakar tana iya makara. Kafin a taɓa wayoyinta, waɗanda galibi kansu rawaya ne, a cire batir a jira. Toyota daƙiƙa 90 take cewa. In fitilar jakar iska ta zauna a kunne bayan aiki, aikin bai ƙare ba.

Wani abu kuma: mai neman ƙofa mara nauyi don tasa tana saukowa, ya fara kama bakinta ya ɗaga. In ta yi wasa sama da ƙasa, ƙusar hinji ce da zobenta suka cinye. Canjinsu aikin awa ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na fentin ƙofa ba.

Wa ya dace da wacce

Mai motar gida da take kai yara makaranta tana ratsa mahaɗun Zango da Sabon Gari cikin kabu-kabu da adaidaita, ya nemi ta asali ta hannu, ya duba ta yadda aka faɗa. In motar sabuwa ce mai jakar iska a gefe, ko tana ƙarƙashin inshorar da za ta biya, ta kamfani ce tasa.

Direban haya da yake bin babbar hanyar Maraɗi ko ta Gure, da fasinja manne da ƙofa, shi ne ya fi kowa buƙatar sanda da makulli mai lafiya, kuma shi ne aka fi yi wa tayin haɗin walda don motar ba ta son kwana a garaji. In kuɗin ta hannu bai samu yau ba, gara a miƙe kwanon tsohuwar a ci gaba da ita da muninta, muddin sandarta ba ta lanƙwashe ba kuma tana shiga ƙas na biyu.

Wanda motarsa ba a samun ta hannu, ya ɗauki ta kwaikwayo, amma da sikeli da fitila, kuma ya mayar da makulli da hinjin motar na asali, kar ya karɓi waɗanda suka zo da ita. In ƙofa biyu ce ta lalace kuma ta asali ɗaya ce ta samu, a sa ta inda aka fi zama.

Mai tsohuwar fikof da ba ta fita daga gona ko garka, tana jan taki da ruwa a gudun amalanke, haɗin walda ya ishe shi, da sharaɗin makulli na gaske. Ranar da za ta hau kwalta zuwa Kasuwar Dole da mutane a gaba, lissafin ya canza.

Mai Land Cruiser da yake son ƙofar bututu don rairayi, ya ajiye ta asali da notinta a gida, ya mayar kafin ya kama hanyar Agadas. Faiba da kabon kuwa na wanda ya riga ya gina keji ne, ya sayi hula da kujerar tsere, kuma motarsa a kan tirela take zuwa fili.